Gander zuwa Shannon: Nisan da Jirgin Sama Ke Ci Wajen Tsallake Tekun Atlantika

Tsakanin filin jirgin sama na Gander, a tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada, da filin jirgin sama na Shannon, a yammacin ƙasar Ireland, akwai tazarar kilomita kusan 3,190 idan jirgi ya bi hanya mafi gajarta. A ma'aunin mil ɗin da Amurkawa ke amfani da shi, mil 1,980 ke nan. A ma'aunin mil na teku kuwa, wanda matuƙa jiragen sama ke lissafi da shi, kimanin 1,720. Ga mai son kwatance, tazarar ta ɗan gaza wadda jirgin alhazai ke ci daga Kano zuwa Jidda, wadda ta kai wajen kilomita 3,400, ta kuma kusa ninka ta Legas zuwa Kano sau huɗu. Abin da ya bambanta ta shi ne, da zarar jirgi ya bar gaɓar Newfoundland, babu sauran tudu a ƙarƙashinsa sai ya hango Ireland.

Gander da Shannon ƙananan garuruwa ne, kowannensu mutanensa ba su wuce dubu goma da 'yan kai ba, kuma dukansu filin jirgin ne ya haife su. An zaɓi wuraren biyu ne a shekarun 1930 saboda suna kusa da inda tekun ya fi tsukewa tsakanin Arewacin Amurka da Turai, a zamanin da jirgin sama ba ya iya cin fiye da wannan tazara ba tare da ya sha mai ba. Tun daga lokacin, alƙaluman da ke kan takarda ba su motsa ba, amma nisan da matuƙi ke yi wa tanadi yana sauyawa kowace rana, gwargwadon iska da nauyin jirgi da kuma inda zai iya sauka idan wani abu ya faru.

Yadda ake auna nisan

Gander na kan digiri 48 da minti 56 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da digiri 54 da minti 34 yamma da layin Greenwich. Shannon kuwa na kan digiri 52 da minti 42 arewa, da digiri 8 da minti 55 yamma. Daga waɗannan lambobi huɗu ake fitar da nisan. Idan aka ja layi daga kowane fili zuwa tsakiyar duniya, kusurwar da layukan biyu za su yi ta kai digiri 28 da rabi da ɗan ɗoriya, kuma kowane digiri guda a doron ƙasa daidai yake da kilomita 111 da 'yan mitoci. Lissafin kan ba da kimanin kilomita 3,180.

Sai dai duniya ba mulmulalliya ba ce sumul kamar ƙwallo. Ta ɗan kumbura a tsakiya, ta kuma ɗan danne a ƙuryar arewa da ta kudu, har faɗinta ta tsakiya ya ɗara tsayinta daga arewa zuwa kudu da kusan kilomita 43. Idan aka shigar da wannan cikin lissafi, kamar yadda na'urorin jirage da na tauraron ɗan'adam ke yi, nisan kan ƙaru zuwa wajen kilomita 3,190. Wannan ne dalilin da ya sa shafukan intanet masu auna tazara tsakanin filayen jirgi ke saɓawa da 'yan kilomitoci, kuma saɓanin bai kai abin damuwa ba.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne siffar hanyar. A taswirar da aka saba gani a bangon aji, hanyar jirgi daga Kanada zuwa Turai takan fito a lanƙwashe, ta yi baka zuwa arewa, har mai kallo ya zaci zagaye ake yi. Taswirar ce ke da laifi, domin an shimfiɗe abu mai zagaye ne a kan takarda, kuma sassan arewa sun miƙe fiye da yadda suke. Wanda ya kifa ƙwarya, ya sa alama biyu a bayanta, ya ɗame zare tsakaninsu, zai ga zaren ya kwanta a hanya guda ɗaya tak, wadda ita ce mafi gajarta. Masana na kiranta hanyar babbar da'ira, saboda da za a ci gaba da jan zaren sai ya zagaye ƙwaryar ta inda ta fi faɗi.

Jirgin da ya bi wannan hanya daga Gander yakan tashi yana fuskantar gabas maso arewa, a kan digiri 65 daga arewa ta gaskiya. A hankali hancinsa ke karkatawa dama, har ya ɗan zarce layin Shannon zuwa arewa, ya kai digiri 53 da rabi, sannan ya gangaro ya isa yana fuskantar digiri 101, wato gabas da ɗan karkata kudu. Da matuƙin zai ƙi wannan sauye-sauye, ya kafa kamfas ɗinsa a kan alƙibla guda tun daga tashi har sauka, zai isa, amma zai ƙara wa kansa kimanin kilomita 50. A tazara irin wannan asarar kaɗan ce. A tafiya mai tsawo da ke kusantar ƙuryar arewa, takan kai ɗaruruwan kilomitoci.

Akwai kuma batun ma'auni, wanda ya kamata mai karanta irin waɗannan alƙaluma ya yi hattara da shi. Mil na tudu mita 1,609 ne, mil na teku kuwa mita 1,852, kuma asalinsa minti guda ne na digiri a layin da ya tashi daga kudu zuwa arewa, abin da ya sa ya dace da aikin taswira. Wanda ya ga 1,720 ya ɗauka mil na tudu ne ya rage wa tekun fiye da kilomita 400. Haka ma agogo: a mafi yawan shekara Ireland na gaban Newfoundland da awa uku da rabi, rabin awar nan kuwa takan ɓatar da mai ƙoƙarin gane tsawon tafiya daga lokacin tashi da na sauka.

Iska

A saman Arewacin Atlantika, iska ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas. A tsayin da jiragen fasinja ke tafiya, wajen mita 9,000 zuwa 12,000, akwai wata siririyar iska mai ƙarfi da ke gudana kamar kogi, wadda a lokacin hunturu gudunta kan haura kilomita 200 a awa guda, wani lokaci ma 300. Jirgi kuwa cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a ruwa mai gudu, don haka abin da injinsa ya ci a cikin iska daban yake da abin da ya ci a doron ƙasa.

A ɗauki jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa, a kuma ce iskar na gudun kilomita 150. In ba iska, zai tsallaka cikin awa uku da minti 45. Daga Gander zuwa Shannon iskar na bayansa, gudunsa ya zama 1,000, sai ya isa cikin awa uku da minti 11. A dawowa tana gabansa, gudun ya koma 700, tafiyar ta ɗauki awa huɗu da minti 33. A wannan dawowar injunan sun yi aikin da ya kai na kilomita 3,870, alhali filayen biyu ba su gusa ko taku ɗaya ba. Idan aka haɗa zuwa da dawowa za a ga awa bakwai da minti 44, maimakon awa bakwai da rabi, wato abin da iska ta bayar a zuwa bai kai abin da ta karɓe a dawowa ba, saboda jirgin ya fi daɗewa a cikinta lokacin da take gāba da shi.

Ga jirage masu farfela na zamanin da, lamarin ya fi haka tsanani. Jirgin DC-4, wanda ya buɗe wannan hanya ga fasinjoji, gudunsa bai wuce kilomita 365 a awa ba. Iska mai gudun 80 kacal ta isa ta mayar da tafiyar gabas awa bakwai da 'yan mintoci, ta yamma kuma sama da awa 11. Shi ya sa matuƙan wancan lokaci suka fi shakkar tafiyar yamma, kuma sau da yawa sukan ratse ta Iceland ko su kwana a Shannon suna jiran iska ta lafa.

Har yau iskar ce ke zana hanya. Sau biyu a rana ake fitar da jerin hanyoyin da jirage za su bi a saman tekun: cibiyar Gander na tsara na masu tafiya gabas da dare, ana neman a sa su cikin iskar don ta tura su, cibiyar Shanwick kuma na tsara na masu tafiya yamma da rana, ana neman a kauce mata. Sunan Shanwick haɗi ne na Shannon da Prestwick ta Scotland: masu ba da umarni na zaune a Prestwick, tashar rediyon da ke magana da jiragen kuma tana Ballygirreen, kusa da Shannon. Iyakar da ke tsakanin cibiyoyin biyu ita ce layin digiri 30 yamma, a tsakiyar ruwa. Fiye da jirage dubu ne ke ratsa wannan sarari a rana, kuma da wuya a sami wanda ya bi zaren nan na bayan ƙwarya daidai wa daida. Na'urar rada ba ta kaiwa tsakiyar teku, saboda haka shekara da shekaru matuƙa ne ke faɗar inda suke ta rediyo, ana kuma barin tazara mai faɗi tsakanin jirgi da jirgi. Sai daga 2019 aka fara ganin jiragen kai tsaye ta tauraron ɗan'adam, abin da ya ba da damar rage tazarar.

Mai, da inda babu komawa

Ba a zuba wa jirgi man kilomita 3,190 cif a sallame shi. Ƙa'idar sufurin sama ta duniya ta tanadi a ɗauki man tafiyar kanta bisa hasashen iskar ranar, a ƙara wani kaso, galibi biyar cikin ɗari, saboda abin da ba a zata ba, a ƙara wanda zai kai jirgi wani filin idan na farko ya rufe, sannan a bar na ƙarshe da ba a taɓawa, wanda zai riƙe jirgin jet minti 30 a sama. Tanadin filin ko-ta-kwana yana da nauyi a wannan hanya, domin gabashin Newfoundland wuri ne mai yawan hazo da dusar ƙanƙara, inda ruwan sanyi daga arewa ke haɗuwa da ruwan ɗumi daga kudu.

Kafin tashi akan fitar da wurare biyu a kan hanya. Na farko shi ne inda lokacin komawa baya da na ci gaba suke zama daidai, wanda matuƙi ke buƙata idan fasinja ya kamu da ciwo ko inji ya sami matsala. Mai kallon taswira zai ce tsakiyar hanya ce, kilomita 1,595 daga kowane ɓangare, amma iska ba ta yarda da haka. A misalin da ya gabata, jirgin da ya tashi daga Gander ya kai wannan wuri tun yana kilomita 1,314, domin daga nan gaba ya fi sauri ya ƙarasa Ireland da iska a bayansa a kan ya juyo ya fuskance ta. Na biyu shi ne wurin da, in an wuce shi, man da ya rage ba zai iya mayar da jirgi inda ya fito ba. Manyan jiragen yau kan tsallake tekun nan ba tare da sun kusanci wannan iyaka ba, amma ga jiragen shekarun 1940 da ƙananan jiragen yanzu, ita ce lambar da ta fi kowace muhimmanci a takardar tafiya.

Akwai wani nisa na uku da dokoki suka fi kula da shi, wato nisan jirgi daga fili mafi kusa. Tun 1953 hukumar sufurin sama ta Amurka ta hana jirgin fasinja mai inji biyu yin nesa da filin sauka fiye da tafiyar minti 60 da inji guda. Wannan ya bar tsakiyar Atlantika ga jirage masu inji uku ko huɗu. A 1985 aka sassauta zuwa minti 120 ga jiragen da suka cika sharuɗɗa, inda kamfanin TWA ya fara da Boeing 767 daga Boston zuwa Paris, a 1988 kuma aka kai minti 180. A ƙarƙashin wannan tsari, Gander da Shannon da Keflavik ta Iceland da Lajes ta tsibiran Azores su ne turakun da ake ɗaure lissafi a kansu, ko da jirgin ba shi da niyyar sauka a ɗaya daga cikinsu. An ga amfanin haka ranar 24 ga Agustan 2001, lokacin da wani Airbus A330 na kamfanin Air Transat, daga Toronto zuwa Lisbon, ya tsiyayar da mansa a tsakiyar teku saboda fashewar bututu. Injunan biyu suka mutu, jirgin ya yi ta shawagi ba inji na kimanin kilomita 120 har ya sauka a Lajes, kuma dukan mutum 306 da ke ciki suka tsira.

Yadda tazarar ta gina garuruwa biyu

Waɗanda suka fara tsallake wannan ruwa ba tare da tsayawa ba su ne John Alcock da Arthur Brown, 'yan Birtaniya, a ranakun 14 da 15 ga Yunin 1919. Sun tashi daga St John's a Newfoundland cikin jirgin yaƙi samfurin Vickers Vimy, suka ci kimanin kilomita 3,040 cikin kusan awa 16, suka sauka a wata fadama kusa da Clifden a yammacin Ireland, inda hancin jirgin ya nutse cikin laka. Sun karɓi kyautar fam 10,000 da jaridar Daily Mail ta sa.

A 1935 gwamnatocin Birtaniya da Kanada da Ireland da Newfoundland, wadda a lokacin ba ta shiga cikin Kanada ba sai a 1949, suka amince su kafa hanyar jirgin sama ta tekun. Da farko an dogara ne da jiragen da ke sauka a kan ruwa, tsakanin Botwood a Newfoundland da Foynes a bakin kogin Shannon. A daren 5 ga Yulin 1937 jirage biyu suka yi gwaji a lokaci guda, ɗaya daga kowane ɓangare. Na kamfanin Pan American da ya nufi gabas ya isa cikin kimanin awa 12 da rabi, na Imperial Airways da ya nufi yamma ya haura awa 15. Jiragen ba iri ɗaya ba ne, amma iskar ta nuna hannunta tun daga ranar farko.

A 1936 aka fara aikin filayen tudu a ɓangarorin biyu: Gander a cikin daji, gefen layin dogo, inda babu gari ko ƙauye, Shannon kuma a wani fili mai dausayi da ake kira Rineanna. Jirgi na farko ya sauka a Gander a watan Janairun 1938. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaga darajar wurin. Birtaniya na sayen jiragen yaƙi daga Amurka, ana ɗauko su a jiragen ruwa da Jamusawa ke nutsarwa, sai aka yanke shawarar a tuƙo su ta sama. Ranar 10 ga Nuwamban 1940 jirage bakwai samfurin Lockheed Hudson suka tashi daga Gander ƙarƙashin jagorancin Donald Bennett, washegari duka bakwai suka sauka a Aldergrove da ke Ireland ta Arewa, a lokacin da mutane da yawa ke ganin tsallake tekun cikin hunturu ganganci ne. Dubban jirage suka biyo bayansu kafin yaƙin ya ƙare.

Kudancin tekun ma yana da irin wannan mashiga, kuma ita ce ta shafi Najeriya. Tsakanin Natal a Brazil da Dakar a Senegal akwai kimanin kilomita 3,000. Da Amurka ta gina fili a tsibirin Ascension a 1942, sai aka raba tafiyar gida biyu, wajen kilomita 2,300 daga Natal zuwa tsibirin, da abin da ya ɗan gaza haka zuwa Accra. Daga can jirage kan bi ta Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alkahira. Dalilin da ya cika filin Gander da jirage a waɗannan shekaru shi ne ya cika na Kano: jirgi na buƙatar mai a inda ƙarfinsa ya ƙare.

Bayan yaƙi aka koma kan fasinjoji. Ranar 16 ga Satumban 1945 wani DC-4 na Pan American ya sauka a Shannon daga Gander a tafiyar gwaji, ranar 24 ga Oktoba kuma jirgin American Overseas Airlines ya fara jigilar yau da kullum daga New York zuwa Landan ta Gander da Shannon. Shekara goma sha da suka biyo baya, kusan duk mai tsallake Atlantika ta sama sai ya taka ɗaya daga cikin filayen biyu, sarki ne ko ɗan kasuwa ko tauraron fim. Fasinjojin da ke zaman jiran a zuba wa jirgi mai su ne suka sa Brendan O'Regan ya buɗe a Shannon, a 1947, kantin filin jirgi na farko a duniya da ake sayayya ba tare da kuɗin fito ba.

Abin da ya ɗaga su shi ya sauke su. Jirgin Boeing 707 na farko da Pan American ya tura daga New York zuwa Paris ranar 26 ga Oktoban 1958 ya tsaya a Gander ya sha mai. A watan Yunin 1959 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe sabon ginin fasinjoji na Gander, gini mai kyau da aka kashe wa kuɗi, amma a cikin wannan shekarar aka fara fito da samfurin 707 mai dogon zango wanda ba ya buƙatar tsayawa. Cikin 'yan shekaru manyan kamfanoni suka daina sauka. Ireland ta fi nuna dabara: ta kafa yankin masana'antu marar haraji a gefen filin Shannon a 1959, ta kuma riƙe ƙa'idar da ta wajabta wa jiragen da ke tsakaninta da Amurka su tsaya a Shannon, wadda ba a kammala soke ta ba sai a 2008. A zamanin Yaƙin Cacar Baka filayen biyu sun sami wasu baƙin, wato jiragen Tarayyar Sobiyet da na ƙawayenta masu zuwa Kyuba, kuma a Gander fasinjoji da dama sun yi amfani da wannan tsayawa suka nemi mafaka a Kanada.

Gander ta ga baƙin ciki ma. Ranar 12 ga Disamban 1985 wani DC-8 na kamfanin Arrow Air, ɗauke da sojojin Amurka da ke komawa gida daga aikin kiyaye zaman lafiya a Sinai, ya faɗi jim kaɗan bayan ya sha mai ya tashi, mutum 256 suka mutu. Masu bincike sun rabu biyu: mafi rinjaye suka ɗora laifin a kan ƙanƙarar da ta daskare a fukafukai, sauran suka ce fashewa ce a cikin jirgin. Sai kuma ranar 11 ga Satumban 2001, da Amurka ta rufe sararin samaniyarta, jiragen da suka riga suka yi nisa a kan teku ba su da zaɓi sai filayen gabashin Kanada. Jirage 38 suka sauka a Gander da mutum fiye da 6,500, a garin da mazaunansa ke wajen dubu goma. Makarantu da majami'u da gidajen jama'a a Gander da ƙauyukan kewaye suka ɗauki baƙin har na kwanaki.

Shannon ta ɗan sake ɗanɗana tsohon aikinta daga 2009 zuwa 2020, lokacin da British Airways ke tura ƙaramin Airbus A318 mai kujeru 32 daga filin London City zuwa New York. Titin filin na Landan gajere ne, jirgin ba zai iya tashi da cikakken mai ba, don haka yakan tsaya a Shannon ya cika tanki, fasinjoji kuma su kammala binciken shiga Amurka a can. A dawowa, da iska a bayansa, ba ya tsayawa.

Ƙananan jirage

Waɗanda har yanzu wannan tazara ke yi wa girma su ne ƙananan jirage masu inji ɗaya ko biyu da ake kai wa masu saye a Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Jirgi irin Cessna 172 na gudun kimanin kilomita 220 a awa, kuma tankinsa na kai shi wajen kilomita 1,200. Gander zuwa Shannon a irin wannan gudu awa 14 da rabi ce in ba iska. A tafiyar yamma da iska mai gudun 60 a gaba, awa 20. Wanda ya nace sai ya bi ta nan, dole a cire kujeru a ɗaura ƙarin tanki a cikin jirgin, a kuma nemi izini na musamman saboda nauyin ya haura ƙa'ida.

Mafi yawansu kan zaɓi doguwar hanya mai matakai. Sukan tashi daga Goose Bay a Labrador zuwa kudancin Greenland, kimanin kilomita 1,250, daga nan zuwa Reykjavik a Iceland, tazara kusan iri ɗaya, sannan su gangara zuwa Wick a arewacin Scotland, wasu su ratse ta tsibiran Faroe. Jimillar ta fi ta kai tsaye da nisa, kuma takan ɗauki kwanaki idan yanayi ya ɓaci, domin filayen Greenland na tsakanin duwatsu ne, kuma in hazo ya rufe ɗaya, na kusa da shi na iya kasancewa ɗaruruwan kilomitoci. Hukumomin Kanada na buƙatar irin waɗannan jirage su ɗauki kwalekwalen roba da kayan ceto, matuƙan kuma kan sa rigar kariya daga sanyi tun kafin su tashi, saboda ruwan yankin na iya kashe ƙarfin mutum cikin 'yan mintoci, kuma a cikin ƙaramin jirgi babu sararin da za a sa ta bayan inji ya tsaya.